Haɗin da Ya Ƙi Yankewa

Sakkwato, 3 ga Maris 1997

Yaya Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Inna na gaishe ka.

Aikin asibitinmu ya kusa ƙarewa. Na kwashe bayanan majinyata zuwa sabon rumbun ajiya na kwamfuta, saura goge tsohon don babbar kwamfuta ta cika. Amma ta ƙiya, wai akwai masu aiki da shi. Na bi ofis-ofis anka kashe na'urori, amma haɗin wata na'ura guda da tsohon rumbun ya rage. In na yanke shi, kafin in gyara zama ya dawo. Kantoman soja zai zo buɗe sashenmu, shugabanmu Alhaji Illo kuwa ya tsaya mini a kai. Kai ka koya mini aikin nan, me ka gani?

Ƙanwarka,
Lailatu

Kaduna, 8 ga Maris

Lailatu,

Wa'alaikumus salam. Wannan ba abin ɓata takarda ba ne. Ki hana rumbun karɓar sabon haɗi tukuna, sannan ki yanke, ki goge. Kada soja su zo su iske ki kina kame-kame. A gaida Inna.

Gidaɗo

Sakkwato, 15 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Dabararka ta ci, haɗin bai dawo ba. Sai dai na ce ba ni gogewa sai na ga wanda zai yi kuka. Ban gama shan fura ba sai ga Sista Mariyatu ta ɗakin jini a guje: "Lailatu, na'urarmu ta tsaya! Ga mai haihuwa tana zubar da jini, ba mu ga sunayen masu irin jininta ba!"

Ashe haɗin na'urarsu ne mai dawowa. An manta da ɗakinsu, bayanansu na cikin tsohon rumbu kaɗai. Nan take na buɗe musu.

Alhaji Illo ya ce ko ta yaya in goge kafin baƙi su zo. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai na kwashe na ɗakin jini, ko da kujerata za ta tafi." Kantoma ya zo ya yanke ƙyalle, bai tambayi komai ba.

Taka,
Lailatu

Kaduna, 20 ga Maris

Lailatu,

Salamu alaikum. Tun da na karanta takardarki hankalina bai kwanta ba. Matar fa?

Gidaɗo

Sakkwato, 26 ga Maris

Yaya,

Ta tashi, ita da ɗiyarta, an sallame su. Rumbun kuma, bayan na kwashe na ɗakin jini, na goge shi jiya, bai yi gardama ba. Ka huta lafiya.

Lailatu