Aduwar Sharafu a Bakin Kurmi

Illela,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Sharafuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka tsaye da ƙafafunka, cikin lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi. An yi girbi, gero ya yi daidai gwargwado, wake ne dai tsutsa ta ɓata. Matarka Jamilatu lafiya lau, sai dai ta rame, kuma ka san dalili. 'Yarka Latifa ta fara tafiya, ba ta barin kwano ko ɗaya a inda aka ajiye shi. Na rubuto da hannu na ba Bashar direba ya kai wa Kawu Halliru a Arlit, don wayarka ba ta shiga tun bayan Sallar layya, tun ranar da ka ce za ka yi arewa wurin masu haƙar zinari ka gyara musu inji. Kawu ya ce shi ma bai ji ɗuriyarka ba, amma ana samun masu shiga can, zai ba su takardar. Yaya, hankalinmu ba a kwance yake ba, kuma wani abu ya faru da na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Ka san har yanzu labarin ƙasa nake koyarwa a makarantar 'yan mata. Wannan zangon mun shiga darasin yadda Allah Ya rarraba duniya yanki-yanki, kowane da ruwan samansa da itatuwansa da dabbobinsa. Na rataya taswira, na nuna musu fari can sama, inda sanyi ba ya barin itace ya yi tsawo, rana kuma ta yi watanni ba ta faɗi ba. Nan fa aji ya kaure da surutu, wai to yaya mutanen can suke buɗa-baki. Na nuna rawaya, wato hamada, ban dai daɗe a kanta ba, don can kake. Sai na gangaro kan kore shar, kurmi ke nan, inda ruwa kusan kullum ne, itatuwa sun haɗa kai har mutum ya yi tafiyar yini rana ba ta taɓa shi ba. Na ce mu kuwa Sahel muke, ƙasar ƙaya da gajeruwar ciyawa da damina mai saurin wucewa. Sai wata Humaira, 'yar garin Amarawa, yarinyar da bakinta ba ya hutawa, ta ɗaga hannu ta ce in haka ne, mi ya sa aka ce ma gonakin arewacin gari Bakin Kurmi, alhali ko akuya ba ta samun inuwa a wurin. A can gonarmu take, a can na girma, amma ni a wurina kurmi kudu ne, inda ake zuwa sayo goro. Na ce musu za mu je su gani da idonsu.

Kafin in ba ka labarin tafiyar, sai ka san halin da Baba yake ciki. Ka bar shi yana mantuwa kaɗan-kaɗan, to yanzu abin ya wuce nan. Ba ya gane ni. Baiwar Allah yake ce mini, ya gode mini in na ba shi fura kamar baƙuwa. Amma kullum da hantsi sai ya ɗauki sandarsa ya nufi gona, ni ko Jamilatu mu bi shi. Da ya shiga gonar sai tafiyarsa ta canza. Fili ne fetal, kara kawai da tumfafiya, amma shi sai ya riƙa ratsewa yana kewaye abin da ba mu gani, ya sunkuyar da kai kamar reshe zai tsire masa hula. Ya tsaya nan ya gaida tsamiyar Inna Ramatu, ya matsa can ya gaida kanyar Malami wanmu, ya dafa iska ya ce marken Abdulmalik. Ka tuna yadda kowane itace a gonar nan yake da sunan mai shi. Na lura da abu ɗaya tun da farko, ban faɗa wa kowa ba. Duk itacen da yake gaisarwa ya daɗe da mutuwa, kuma duk mai sunan yana kabari. Aduwarka, wadda ka faɗo daga kanta ka karye hannu har aka sa mata sunanka, ita kaɗai ta rage a tsaye, kuma bai taɓa kallonta ba. Wucewa yake yi kamar yadda yake wuce ni.

Ranar da na kai 'yan matan mun tarar da shi a gonar da Jamilatu. Rana ta take, kowa na sharce gumi. Na fara nuna musu ƙananan ganyen aduwa da ƙayarta, ina bayanin yadda itacen Sahel yake tattalin ruwa, sai na ga babu mai saurarona. Duk sun bi bayan Baba a jere. Da farko dariya suke yi ƙasa-ƙasa. Can sai dariyar ta mutu. Yaya, da idona na ga yaran nan suna sunkuyar da kai a inda ya sunkuyar, suna ratsewa tun kafin shi ya ratse. Wata ta ɗaga gefen hijabinta kamar za ta tsallake saiwa. Ka san ni ba mai camfi ba ce, kai ma kakan ce taurin kaina ya fi na jaki. Na daka musu tsawa, ba wadda ta waiwayo. Da na cim musu na riƙo hannun Humaira, sai na ji shi sanyi ƙalau kamar ta fito daga ɗakin randa. Ta dube ni ta ce wai ba na jin ƙanshi, wani abu mai zaƙi yana zubowa daga sama. Furen ɗorawa take kwatantawa, ita da ba ta taɓa ganin ɗorawa a tsaye ba. Na dubi rigar Baba, babu ɗigon gumi ko ɗaya.

Daga nan ya karkata ya nufi aduwarka. Na zaci wucewa zai yi kamar kullum. Sai ya tsaya. Ya daɗe yana kallonta, fuskarsa ta washe da murna irin wadda rabona da gani tun Inna na da rai. Ya kira sunanka, Sharafu, ya yi maka sannu da zuwa, ya ce wai yaushe kat taho ba a hwaɗa mai ba, kuma mi ya sa leɓenka ya bushe haka. Jamilatu ta zauna a ƙasa inda take. Ni kuwa na ce masa ba ka zo ba, kana can wurin aiki. Ya dube ni da mamaki, ya ce baiwar Allah ba ki da ido ne. Na tattara yara muka koma makaranta.

Na ba kaina amsa irin ta malamai. Na ce tsufa ne, yara kuma kwaikwayo ne da su, sunan wuri yakan daɗe bayan abin da ya jawo shi ya tafi. Duk wannan na faɗa a aji, sun rubuta. Amma tsoro nake ji, Yaya, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba. Mako mai zuwa darasin hamada ne, littafi ya ce in koyar da yadda rijiyoyi suke da nisa da juna da yadda iska take shafe sawu, ni kuwa ban san da wane baki zan faɗa ba. Don girman Allah, in takardar nan ta shiga hannunka, ka nemi ko wayar aro ce ka kira. Ko kalma ɗaya ta ishe mu.

Jamilatu tana gaishe ka, ta ce kada in rubuta cewa tana kuka, to ga shi na rubuta. Gwaggo Shahida ta Kalmalo da Mukhtar da iyalinsa duk suna gaisuwa, suna kuma sa ka a addu'a. Kawu Halliru, in kai ka fara buɗe wannan takarda, ina gaishe ka da Inna Baraka, Allah Ya saka muku da alheri. Gobe ni ce mai raka Baba gona. In ya sake tsayawa ya yi maka sannu da zuwa, zan sake gaya masa ba ka iso ba tukuna, kana nan da ranka. Ka taimake ni kada in zama maƙaryaciya a gaban mahaifinmu.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran muryarka,
Safiyya Attahiru