Ya Ƙetare Hamada, Ya Kasa Shiga Ɗakin Inna

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya saka mana intanet, ofishin Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Umaru, magini ne ni a garin Wurno, kuma ɗan magini. Na je ofishinku sau biyu, aka rubuta sunana, aka ce za a zo. Har yau ban ga kowa ba, shi ya sa na fito da maganar fili.

1. Kafin ƙorafi, sai na faɗi abin da na gani. Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna, tana da wa guda ɗaya, Kawu Sani. Tun tana budurwa ya kama hanyar Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya yi aure can ya zauna. Ni dai na tashi ina jin sunansa kamar na mutumin tatsuniya. Bara wani alhajinmu ya dawo da lambar ɗansa Usmanu. Waya ba ta kama sabis sosai a unguwarmu, don haka na sayi na'urarku: eriya a kan soro, da ƙaramin akwatin nan da kuke kira rauta.

Ranar da kiran bidiyo na farko ya shiga, na miƙa wa Inna wayar. Ga tsoho kwance a wata ƙasa, da tsagen gidansu Inna a kumatu, da hancinta sak. Ya ƙura mata ido ya ce, "Kulu, ke ta?" Ni da na haura shekara hamsin ban taɓa jin an kira ta da sunanta ba, don duk masu wannan ikon sun rasu. Inna ta kai yatsa tana shafa gilashin wayar. Ba waya a binne, ba igiya a sama, sai iska kawai, amma ga fuska ga murya. Na yi ta tasbihi.

2. Yanzu ga matsalar. Wannan kira a bakin zaure aka yi shi, domin a zaure ma'aikacinku ya kafa rautar. A nan ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Baƙo namiji ba ya wuce zaure a gidajenmu. Da ya zo, a nan na shimfiɗa masa tabarma, a nan aka kawo masa fura, a nan ya ga soket ya ɗaura abinsa. Ni ban ce ya shiga ciki ba, shi ma mutum ne mai kunya, bai tambaya ba. Ya ce mini dai zai kai ko'ina a gidan, ya hau babur ya tafi.

3. Bai kai ba. A zaure sandunan sabis da waya ke nunawa cike suke. A farfajiya su koma biyu. Kana shiga shigifa, ɗakin da ke raba waje da cikin gida, saura ɗaya tana rawa. Tsakar gida kuwa babu ko ɗigo. Daga rautar zuwa gadon Inna taku ashirin da uku ne, na auna da ƙafata. Tsakaninsu bango uku ne na tubali da mahaifina ya gina, kowanne kaurinsa ya fi kamu biyu. Ya yi su ne don zafin bazara, kuma sun yi aikinsu, ɗakin Inna ko da tsakar rana kamar bakin randa yake. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wannan abu ya ratso hamada da ƙasashe a ƙiftawar ido, ya zo ya tsaya cak a gaban ƙasar da tsohona ya kwaɓa da ƙafa. Wani lokaci ban san wanda zan yi wa jinjina ba, ku ko marigayi.

Masu cin moriyar abin yanzu abokan hirata ne. Zaurena bai taɓa samun masu son zumunci irin na bana ba, kowa da wayarsa, wasu ko gaisuwar kirki ba su ƙarasawa.

4. Inna ba ta tafiya. Ta faɗi ta karye a ƙugu, mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙafa ba ta koma ba. In za ta yi magana da Kawu, sai ni da ƙannena mun cire ƙyauren ɗaki mun ɗora ta, mun fito da ita. Tana cije baki saboda ciwo, amma ba ta fasa tsiya. Rannan ta ce, "Ku bari ɗaukata awa gawa, da sauran numfashina. Shi wanga abu da yat taho tun daga Sudan, mi yah hana mai ƙarasowa ɗaki? Ko shi ma baƙo na?"

Na so in matsar da rautar da kaina, sai na ga wayar da ta haɗa ta da eriya gajeruwa ce, kuma a ofishinku an ce in na taɓa, babu ruwanku. Sai na yi dabarar magina: na huda bangon shigifa, na fitar da 'yar taga, wai ko abin zai bi ta nan kamar iska. Na ɓata ginin ubana da hannuna, abin da na samu ta tsakar gida sanda ɗaya ce, ita ma sai an ɗaga wayar sama saitin tagar.

5. Inda Kawu yake babu zaman lafiya, sabis kuma sai an dace. Ba a sa lokaci, duk sa'ar da Usmanu ya samu sai ya kira, kuma ba ya daɗewa. Ran Talatar da ta wuce ya kira da hantsi, mu maza muna wajen aiki a Marnona. Matata ta ga kiran a wayar da muke ajiyewa cikin tagar nan. Mata ba su iya ɗaukar Inna, sai matar tawa ta amsa ta ruga da wayar ɗaki. Kafin ta kai bakin ƙofa hoton ya daskare. Abin da Inna ta ji daga nesa shi ne "Kulu", sai shiru. Daga baya Usmanu ya turo saƙo cewa jikin tsohon ya yi nauyi, ko abinci ba ya ci.

Tun daga ranar, kullum kafin mu fita aiki sai ta sa mun kai ta shigifa. A nan take wuni kan ƙyaure, cikin zafi, da ciwon ƙugu, da waya a hannu. Na roƙe ta ta koma ɗakinta mai sanyi, ta ƙi.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. A turo ma'aikaci da doguwar waya ya mayar da rautar tsakar gida, ko a ba mu wadda ta fi ƙarfi, ko a ƙara wata ƙarama a ciki in akwai irinta. Kuma don Allah ku koya wa ma'aikatanku su riƙa tambayar maigida inda masu amfani da abin suke kwana, su gwada a can kafin su tafi. Gidajen ƙasa irin namu suna da yawa daga nan har Rabah da Goronyo, kuma tsofaffinmu ba a zaure suke ba.

Maganar shiga gida kuwa an gama ta. Na tambayi Inna, ta ce, "In ya taho ya yi sallama ya shigo hal ɗaki. Ɗana na. Amma ka hwaɗa mai ya yi sauri, Sani ba ya jira."

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci aikinku, ya sa ka daɗe kana jin muryar masu kiranka da sunanka.

Wassalam.

Umaru Magini, Wurno.