Rabin Ɗinkin da Na Bar Maka

Zuwa ga Yaya Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan ta same ka lafiya a duk inda kake. Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na ajiye ta a nan inda kowa ke gani, ko Allah zai sa wani ya san ka.

Na bar garin Bobigny, yanzu ina birnin Lyon. Kada ka yi dariya: tantin sojojin Rum nake ɗinkawa. Akwai wasu Turawa a nan, likita da mai gidan burodi da malaman makaranta, da ke sa hular ƙarfe ranar Asabar su koma sojojin zamanin da. Suna son tanti na fatar akuya zalla, ɗinkin hannu, mai cin mutum takwas. Su bakwai ne. Da suka ji ni ɗan dukawan Damagaram ne, sai ka ce sun ga watan Sallah.

Ranar da aka kwance ƙullin fatun, warin jima ya buge ni har sai da na zauna. Na ga zauren Baba, na gan ka da basilla a baki.

Ka tuna yadda yake raba mana dogon ɗinki? Kai bahago, ni na dama. Sai ya zaunar da kai a wancan baki, ni a wannan, mu yi ta tahowa har gwiwoyinmu su haɗu a tsakiya. Yakan ce Allah bai ba shi bahago a banza ba. Kullum kai ke riga ni isowa, ka zauna kana mini waƙar hawainiya.

Ganina da kai na ƙarshe a unguwar Porte de la Chapelle ne, ƙarƙashin gada inda baƙin haure ke kwana a tantunan leda. Na ce ka zo mu matsu a ɗakina, ka ce ba za ka jawo mini fitina da mai gida ba. Taurin kan nan naka! Da na dawo hukuma ta kwashe kowa, wayarka a kashe. Cikin tarkacen da aka tara na ga wani shuɗin tantin leda da aka yi wa faci, ɗinkin ya karkata hagu. Na tsaya a kansa har masu shara suka ce in matsa. Na bi masallatan unguwar Belleville, na bi asibitoci, har ɗakin ajiye gawa na shiga. Shekaru ke nan, ko ƙeyarka ba wanda ya ce ya gani.

To, ga ni ina ɗinka tanti don mutanen da ke da gidaje su kwana a ciki saboda nishaɗi. Mutanen kirki ne, amma wani lokaci abin na ci mini rai.

Da na zo ɗinkin tsakiyar rufin tanti, mafi tsawo duka, na fara daga bakina kamar kullum. Ina kaiwa tsakiya hannuna ya tsaya. Wallahi, Yaya, sai da na janye gwiwata don kada ta buge taka. Na waiga, ba kowa sai fatu a rataye. Kwana da kwanaki tantin na shimfiɗe haka, suna tambaya ina cewa zare ne ya ƙare.

Ana cikin haka Inna ta kira. Kawu ya matsa a yi maka sadaka, a raba kayan aikinka ga yaran zaure. Ta ce ba za ta amsa ba sai ta ji daga bakina, tunda ni na gan ka ƙarshe. Ka ga nauyin da ka ɗora mini?

Daga baya na zagaya wancan bakin, na zauna a wurinka, na kama basilla da hagu. Na soke yatsa ba adadi. Da na gama na ja baya na duba, sai na ga ɗinkin ya karkata irin naka.

An kafa shi a wani fili bayan gari. Da la'asar ruwa ya sauko, sojojin Rum suka ruga ciki da garkuwoyinsu, ni ma suka jawo ni. Rabina bai yi yoyo ba. Rabinka kuwa ya yi ta ɗiga, ɗis, ɗis, a gurbin na takwas inda ba mai shimfiɗa. Suna ta murna tanti ya yi, ni ina kallon wurin yana jiƙewa. Hannuna ya iya kwaikwayon naka, amma bai iya tare ruwa ba. Ina kewarka, Yaya, kewar da ban san inda zan sauke ta ba.

Na ce wa Inna a yi sadakar, tunda tana isa ga mai rai da wanda ya rigaya. Amma basillarka kada a ba kowa.

In kana raye, Allah ya ba ka rufi wanda ba ya yoyo, ya karkato da zuciyarka gida. In kuwa ka riga mu, Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa akwai wanda ya yi maka salla.

Sun ce in gyara wurin da ke ɗiga kafin bazara. Na warware rabinka har tsakiya, na soke basilla a nan tana jiran ka.

Ƙaninka,
Sani