Ragon Mangaza Ɗan Dindindin Ne Ko Ɗan Rabin Yini?

Zuwa ga Mushe Darakta, wato Malam Darakta, shugaban mangaza, ɗakin ajiya da rabon tsaba na garinmu, a ƙasar Tasawa.

Ranka ya daɗe, ka taɓa aza buhun dawa a ka da ƙarfe ɗayan rana, tsakiyar bazara? In ba ka taɓa ba, kada ka fara. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da fankar bironka, wato ofishinka, ni ne Sanusi ɗan Urafan, wanda aka kora ran Talata saboda rago. A jikin buhunan taimako na koyi boko, baƙi ɗai-ɗai. In rubutuna ya karkace, maganata dai a miƙe take.

Na ɗaya. Lokacin da fari ya koro mu daga gona, kun ɗauke mu aikin rabin yini, mun gode. Amma wane rabin? Daga sha ɗaya zuwa la'asar, rabin da ko ƙadangare ba ya so. Lokacin ne kamiyo, babbar motar kaya, ke isowa daga Maraɗi, direba na ta hon a sauke mishi kaya. Lokacin ne kuma ma'aikatan dindindin ke shimfiɗa tabarmi, su kwanta har ƙarfe uku. Wai mu ba mu da hutu, don ba mu yini ba balle mu gaji. Ko azahar a tsaitsaye muke yin ta, kamar masu bin bashin raka'a.

Na biyu. Itace guda gare mu a filin nan, gawon bakin rijiya, shi kaɗai ke da ganye yanzu. Malam Hashimu mai riƙe da makullin mangaza ya ce inuwar ta masu lamba ce a rajista. To, madalla. Sai ga ragonshi na layya ɗaure a tsakiyar inuwar, yana cin tsabar da ta zube, yana kallonmu kamar kumandan ya zo duba layi.

Na uku. Ran Talata Baba Illo na Baudeta, dattijon da farin nan ya cinye wa shanu ƙaf, ya yanke jiki ya faɗi da buhu a ka. Na kwance ragon, na ɗaure shi a ƙafar kamiyo, na kwantar da Baba a gurbinshi, na yayyafa mishi ruwa. Da ya farfaɗo, abin da ya fara cewa shi ne, "Ɗana, mai da musu ragonsu, kada a kore ka." Ai kuwa bakinshi ya kama ni. Malam Hashimu ya taso da shatin tabarma a kunci, ya ce na taɓa kayan ma'aikaci, in kama gabana. Rago ya koma inuwa, ni na koma gida, inda uwata da ƙannena ke jiran tiyar dawa.

Ana gaya mana a rediyo cewa zamanin soja ne, kowa ya bi doka. Mun bi. Ni ba juyin mulki na yi ba, juyin rago na yi.

Roƙona kaɗan ne. A mai da ni bakin aikina. A ba 'yan rabin yini ko da rabin awa su yi salla a natse, su sha ruwa a zaune. Inuwar gawo kuwa, wanda ya fi jigata ya fara shiga, ko mai ƙafa biyu ne.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba mu damina mai albarka mu koma gonakinmu, ya sa kada ka taɓa sanin nauyin buhu. Amma ran kasuwa mai zuwa, lokacin da jama'a suka yi layin tsaba, ka fito ƙofar mangaza ka gaya mana da bakinka: ragon Malam Hashimu, lambarshi nawa a rajista? In yana da ita, ni da Baba Illo za mu gaishe shi da girmamawa. In ba shi da ita, ya taso ya ɗauki buhu.

Wassalam.

Sanusi ɗan Urafan, tsohon ɗan rabin yini.