Na Rubuta Farce, Umma Ta Ja Allah Ya Isa

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don girman Allah ki sakaya sunana. Ku kuma masu saurin zagi ku ɗan haɗiye tukuna ku ji ni, don ni ma ban raga wa kaina ba.

Ni haifaffiyar Jidda ce, a unguwar Sharafiyya na tashi, iyayenmu Hausawa ne daga Sudan suka zo. Ina aiki a wani ƙaramin ofis da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga kwastan. Aikina in duba kaya in sa shi a babinsa, don kowane kaya da babin da yake shiga da takardun da ake nema masa. Ka sa shi a babin da ba nasa ba, halas, zance ya ƙare, ya zauna a tashar jirgin ruwa ke nan.

Ina da kawu, ƙanin Ummata uwa ɗaya uba ɗaya. Bari in kira shi Abu Faisal, irin sunan da ya laƙaba wa kansa tun da ya koma unguwar Safa. Da sana'ar humra Umma ta raine shi, ita ta yi ta faɗi-tashin iƙamarsa, wato takardar izinin zama, amma yau in ka ce masa "Kawu ina wuni" sai ya waiga bayansa wai ko da wani kake. Shi a dole ba ya jin Hausa! Mutumin da na sani da hannu dumu-dumu cikin miyar kuka. Matarsa kuwa in ta zo gidanmu tana toshe hanci da gefen mayafi, wai warin turaren wuta na sa ta ciwon kai. Wallahi na raina mutanen nan, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban daina ba.

Sana'arsa shigo da surumbak daga Sudan, yana kai wa gidajen abinci na Abhur, can bakin teku. Ga wanda bai sani ba, surumbak dodon koɗin teku ne, ana tafasa shi a zare naman, a zuba gishiri a shanya. Murfin da ke bakinsa kuma shi ne farcen da mata ke sawa a humra, wanda sai an jiƙa an kankare an soya kafin ya yi ƙamshi. A wurin kwastan wanda aka busar kawai babinsa daban, wanda ya taɓa wuta babinsa daban, farcen kuwa ba ma abinci ba ne, nasa babin can wani wuri yake.

Ranar da ya shigo ofishinmu na miƙe da murnata zan gaishe shi. Manajanmu ya ce, "Ka san ta ne?" Sai Kawu ya yi wani murmushi ya ce da Larabci, "'Yar maƙwabtanmu ce na da." 'Yar maƙwabta! Ni da na sha wanke masa kaya? Da manaja ya fita amsa waya, sai ga shi ya sunkuyo, ya sassauta murya, abin mamaki Hausa ta dawo bakinsa tar: "Ke, akwai buhun farce ɗaya a cikin kayan. Ki san yadda za ki faɗa wa manaja, kada ya ce ina harkar kayan mata. Yalla, kawo mini shayi." Ashe yana jin Hausar, sai dai ta ɓoye abin kunya ce kawai a wurinsa. Na kawo masa shayin. A raina na ce farcen nan na wannan mata tasa ne mai toshe hanci, za ta yi humra a ɓoye ta ce daga Dubai aka kawo mata.

To a nan shaiɗan ya same ni. Na sani sarai surumbak ɗinsa dafaffe ne, na sa shi a babin busasshe. Buhun nan kuma na fassara shi yadda ya fito daga bakinsa, na rubuta farce da Larabci, na tura shi babin farcen roba da mata ke mannawa a yatsu. Ai farce ya ce, ko ba haka ba? Jami'ai suka buɗe suna neman kayan kwalliya, ƙarnin teku ya buge su, suka duba sauran suka ga su ma ba daidai ba, suka riƙe kayan gaba ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi na ji. Na ga Abu Faisal yana safa da marwa a ofis, gumi ya jiƙa farar rigarsa, Larabcin ma yana sarƙe masa. Bai ko kalli inda nake ba, don a tunaninsa ni shayi kawai nake dafawa a wurin. Manaja kuma ya ɗauka Kawu ne ya ba da bayani a karkace.

Ran Juma'ar da ta wuce na tarar da Umma a tsakar ɗaki ta baje kwalabe, ga sandal ga miski, ta kasa haɗa komai. Na ce, "Umma lafiya?" Ta ce, "Farce nake jira. Na so in ɓoye miki ne. Na kira kawunki na ce aurenki ya matso, ina so in yi miki humra da hannuna da farcen garinmu, irin wanda aka yi mini. 'Yar nan, bai ko yi musu ba. Cewa ya yi, Yaya, an gama. Rabon da ya ce mini Yaya har na manta." Tana faɗa tana share ido. Sannan ta ce ya gaya mata wani mugun ma'aikaci ne ya rubuta ƙarya a kan kayan. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Duk wanda ya shiga tsakanina da ɗan'uwana, ya hana 'yata ƙamshin aurenta, Allah ya isa, kada Allah ya ba shi daɗin nasa gidan. Ki ce amin mana!"

Anti, na ce amin. Da bakina na ce.

Tun ranar take maimaita addu'ar nan bayan kowace salla, ina jin ta ta bango. Ana iya gyara takardun, amma sai wanda ya rubuta ya sa hannu ya ce shi ne, kuma Kawu zai gani, kafin la'asar ya kai wa Umma. Kun san zafin Jidda da laimarta, surumbak ba zai jira ni ba. Ba asararsa ce ta dame ni ba, wallahi ko a jikina, mutumin da ya ce ni 'yar maƙwabta ce. Buhu ɗaya bai wanke shi a idona ba. Amma ta yaya zan shiga ɗakin miji da Allah ya isan uwata a kaina? In na yi shiru tana nan tana ja, in na faɗa kuma da wane ido zan kalle ta?

Ɗazu ta sake wanke kwalaben ta kife su, ta ce in dage da addu'a. Jama'a, me zan yi?