Ruwa Ya Iso Rumfar Tsirrai

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon gwiwar? Ni dai ina nan, da sauƙi.

Kin tambayi aiki. Hukumar gandun daji ta sayo injinan sare itace guda biyu, kowanne ya fi ɗakinki girma. Abin da masu gatari ke kwashe wata suna yi, kafin azahar sun gama shi. Amma rumfar renon tsirrai, inda aka jefo ni tun da na faɗa wa tsohon shugaba gaskiya, har yau da bokiti muke ban-ruwa. Duk karatun da na yi ya ƙare a cusa ƙasa cikin leda, har direbobi na kirana Farfesan Leda. Rijiyar da muke ɗiba ta ja baya, 'ya'yan maɗacin da muke reno sai bushewa suke. Idan suka mutu kafin damina, rufe rumfar za a yi a sallame ni, daji kuma ya zama fili. An kawo sabuwar shugaba, sa'ar 'yarki ce. Ban sa rai da komai ba.

Na gode da man zafin nan, ya yi aiki.

Yayanki.

Ƙanwata,

Ina gaishe ku duka. Allah ya sa gwiwar ta lafa.

Shugabar nan ta tako har rumfa, ta tsuguna ta murza busasshen ganye, ta tambayi abin da muke dasawa a madadin wanda ake sarewa. Na amsa da gatse, kin san bakina. Ba ta ji haushi ba. Kwana kaɗan ta sa aka ajiye inji ɗaya, kason kuɗin mansa da gyaransa aka mayar kan famfo mai aiki da hasken rana, da siraran bututai masu ɗiga ruwa a gindin kowane tsiro. Manya suka yi ta kumfar baki, wai katako zai ragu bana. Ta ce gara ya ragu da ya ƙare.

Rabin tsirran sun riga sun tafi, wannan ba zan yafe ba. Sauran kuwa sun fito da sabon toho, jajaye gwanin sha'awa. Na je yi mata godiya, bakin bai saba ba, na ɓige da ƙorafin rufin rumfa. Ta yi dariya ta ce ta gane. Allah ya saka mata.

Direban injin da aka ajiye yanzu a ƙarƙashina yake, wai so yake in koya masa auren bishiya, wato haɗa reshen wata a jikin wata. Littattafaina na aikin daji da na taɓa cewa ki hura wuta da su, idan rowarki ta hana ki, ki ba mai mota ya kawo min.

Ki gaida maigidan da yara.

Yayanki mai ƙaunarki.