Rasuwar Baba Labule da Sunaye Biyar da Suka Tafi da Shi

Cikin alhini da karayar zuciya, Hukumar Gudanarwar Ɗakin Karatu na Jama'a, a madadin Mai Girma Shugaban Hukumar, da Babban Jami'in Ɗakin Karatu, da shugabannin sassa, da ɗaukacin ma'aikata manya da ƙanana, ta samu labarin rasuwar Shugaban Sashen Adabi, Wasan Kwaikwayo da Tarihi, dattijon arziki, malaminmu kuma abokin aikinmu, wanda gari ya fi sani da Baba Labule. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jiri ya kwashe shi ranar Litinin da hantsi yana jera kujeru a zauren karatu, aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa washegari bayan azahar, yana da shekara sittin da huɗu. Ya bar uwargidansa, da 'ya'ya huɗu, da jikoki bakwai, da yayarsa da ta rene shi.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana hidima a wannan gida. Ya samo laƙabinsa ne tun ranar da ya ɗaura igiya tsakanin kantar ƙamus da kantar jaridu, ya rataya labulen ɗakin matarsa, ya ce ga dandalin wasa nan, ba tare da ya nemi izinin kowa ba, har da na mai labulen. A gaban wannan labule mahauta da direbobi da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda a da ko inuwar ginin nan ba sa raɓa, suka zo suka ga rayuwarsu a bakin 'yan wasa, da yawansu kuma suka fita da katin aron littafi a aljihu.

Hanyar aikinsa daban take da ta kowa. Yakan je gidan tsoho hannu rabbana, ba biro, ba takarda, ba rikoda, domin a cewarsa, "Da tsoho ya ga biro sai ya koma magana kamar yana gaban alƙali." Sai ya zauna ya saurara, wata uku ko huɗu, ya dawo ya zuba wa kowane ɗan wasa nasa kason baki da baki. Mun sha fama da shi a kan ya rubuta, yakan yi dariya ya dafa kansa ya ce ai wannan kantar gara ba ta cin ta. Mu ma sai mu yi dariya mu ƙyale shi. A yau Hukumar tana faɗa da babbar murya cewa wannan sakacinmu ne: gidan adana rubutu ya bar tarihin jama'a a kan mutum ɗaya, kuma wallahi abin yana ci mana rai.

Wajibi ne mu sanar da jama'a abin da wannan rashi ya bari a hannunmu. Aikin marigayin na ƙarshe wasa ne a kan gobarar tsohuwar masaƙa, wadda ta ci mata goma sha tara 'yan sashen kaɗi shekara hamsin da biyu da suka wuce, rajistar ma'aikata kuma ta ƙone tare da su. Mace ɗaya ce ta fita da rai daga wannan ɗaki, dattijuwar da ake kira Inna Mai Zare, kuma ta tsira ne saboda abokiyar aikinta ta injin kusa da nata ta ɗaga ta, ta tura ta ta taga, ita kuwa ba ta samu fita ba. Shekara biyu da suka wuce Inna ta lissafa wa marigayin sunayen matan nan ɗaya bayan ɗaya, bisa alkawari guda, cewa za a kira su a bainar jama'a tana raye tana ji. Shi da kansa zai kira su a ƙarshen wasan ranar Asabar mai zuwa, shi ya sa bai ba kowane ɗan wasa wannan kason ba.

Tun da aka dawo daga maƙabarta ba mu ga ta zama ba. Mun zazzage durowar teburinsa, babu komai sai alli da ƙusoshi da maganin hawan jini da bai shanye ba. Uwargidansa, duk da halin da take ciki, ta buɗe mana akwatinsa, ta ce, "Ku duba dai 'ya'yana, amma shekara arba'in ina wanke rigunansa, ban taɓa tsintar takarda a aljihunsa ba." Daga abin da 'yan wasa suka tsinta a bakinsa lokacin gwaji, da abin da wasu iyalai suka kawo, mun haɗa sunaye goma sha huɗu. Saura biyar. Mun koma wurin Inna, muka tarar tsufa ya riga mu, tana tuna kalar ɗankwalin kowace, sunayen kuwa sun gudu. A cikin biyar ɗin har da wadda ta tura ta ta taga.

Saboda haka Hukumar tana roƙon duk wanda kakarsa, ko gwaggonsa, ko maƙwabciyarsu ta rasu a wannan gobara, don girman Allah ya zo teburin karɓar baƙi kafin ranar Juma'a, ko da rabin suna ne yake da shi. Wannan karon da biro za mu tarbe shi. Za a yi wasan a ranar da marigayin ya tsayar, kuma duk sunan da ba mu samu ba, 'yar wasa ɗaya za ta fito ta tsaya shiru a madadinsa.

Hukumar tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidan marigayin, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da yayarsa, da 'yan wasansa, da dukkan masu karatu a wannan gida. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Ni aka ɗora wa nauyin kai wa Inna Mai Zare labarin rasuwar, na kuma kai shi jiya da safe. Ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, shi na ba ajiyar sunan wadda ta tura ni ta taga don kar in manta. To yanzu wa zai faɗa mini?"

Sa hannu:
Jami'in Hulɗa da Jama'a kuma Kakakin Hukumar Gudanarwa,
Ɗakin Karatu na Jama'a,
abokin aikin marigayin na shekara ashirin da biyu.